Ciwon da Na Rasa Wurin Nunawa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Sunana Hafsatu. A wani ƙauye kusa da Makoda aka haife ni, inda gona ke manne da gona, gida ke jin tarin gida. Babanmu malamin allo ne, kuma manomi. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, don a wajenmu yarinya ba ta tallan ciwonta. Amma shirun da na yi shi ya kusa kai ni kabari, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko Allah zai sa wata uwa ta ji ta sake duban 'yarta da kyau.

Ina da shekara goma sha shida abin ya same ni, a shekarun nan da tsada ta kai intaha, kwanon masara ya gagari mai iyali, kuɗin mota ya hana zumunci. A lokacin na wuce rabin Alƙur'ani a hadda. Baba ba mai yabon mutum a gabansa ba ne, amma idan baƙi suka sauka a zaure yakan aiko a ce in yi karatu daga bayan ƙofa su ji. Ina jin sa yana gyaran murya idan na kai aya mai wuya na wuce ba tuntuɓe. Wannan gyaran muryar ya fi mini sabon zane.

Wata safiya bayan an gama kaka na durƙusa gabansa zan ba da hadda, na buɗe baki, aya ta ƙi zuwa. Ya jawo mini farkonta, na kama, na yi layi ɗaya, na sake tsayawa.

"Gajiya ce," in ji shi. "Je ki huta, gobe ma rana ce."

Gobe ta zo, haka. Jibi ma haka. Sai in riƙe allo ina kallon rubutun, ga baƙaƙen nan na san kowannensu, amma ba sa shiga. Wanda na haddace tun ina ƙarama ma ya fara zubewa kamar gero daga ɓulallen buhu.

Daga nan barci ya gudu. Tun kafin ladan ya yi kiran farko idona biyu, ina kwance kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Abinci ya daina ɗanɗano. Tuwo da fura da ƙuli-ƙuli duk ɗaya suke a bakina. Ƙawayena suka zo mu je lallen wata ƙawarmu, na ce kaina ke ciwo. Suka sake zuwa wani bikin, na ce cikina. Daga baya suka daina zuwa, ni kuma ban ji haushi ba, don haushin ma ba na iya ji. Taɓarya ta yi mini nauyi. Inna ta fara da faɗa.

"Hafsatu, wannan son jiki daga ina? Yarinya da ƙuruciyarta ta wuni tana kallon bango?"

Ni kuwa na riga na yanke wa kaina hukunci. Na ɗauka wani zunubi na yi wanda ban sani ba, Allah Ya yi fushi Ya zare Littafinsa daga ƙirjina. Wa zan gaya wa wannan a gidan malam?

Zuwanmu asibiti na farko, ina surfe ne da hantsi. Sai na ji ƙirjina ya matse, numfashi ya ƙi sauka, yatsuna suka ƙandare. Na faɗi gefen turmi. Yayana Nasiru ya ɗora ni a babur, Inna ta riƙe ni ta baya, muka nufi babban asibitin da ya fi kusa da mu.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin taimakon gaggawa, wanda muke cewa imajansi, ya san yadda yake. Ga wanda mota ta buge yana ihu, ga yaro yana jijjiga a hannun uwarsa, ga tsoho a tabarma don gadaje sun ƙare. Likita ɗaya ne yake zagaye su duka, rigarsa ta jiƙe da gumi. Da ya iso kanmu sai ya tambayi Inna abin da ya faru, ta gaya masa. Sannan ya dube ni.

"Ina ne ke miki ciwo?"

Tambayar tana son yatsa ya nuna wani wuri. Na rasa wurin, sai na ɗora hannu a ƙirji. Ya saurari ƙirjin ya ce lafiya lau. Aka ɗebi jini, aka ce akwai ɗan zazzaɓin cizon sauro. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi allura, kafin la'asar aka sallame mu. Inna tana ta hamdala a hanya.

"Tunda an gano, ai magana ta ƙare."

Na shanye maganin tas. Ba abin da ya motsa.

A mako na uku Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ta zo daga garinsu da ƙullin kayanta. Mace ce mai son mu, mai kuma yawan magana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya kan ƙaninta.

"Malam, kai ka jawo. Kullum baƙo ya zo sai ka sa ta karatu. Bakin mutane ne. Kambun baka ya fi kibiya."

Ta haɗa garwashi, ta zuba turare da wasu saiwoyi, ta lulluɓe ni da bargo har sai da na yi ta tari. Baba ya yi rubutu da hannunsa, ya wanke allon, na sha. Ban raina rubutun ba, har gobe ina sha. Wani kawunmu ya ce ciwon shawara ne, ya aiko da sassaƙe mai ɗaci. Mai kemis ya ce taifod ce, ya ba da ƙwayoyi masu launi biyu. Wata maƙwabciya ta raɗa wa Inna cewa mutanen ɓoye ne, kada a bar ni in fita da tsakar rana. Kowa da nasa, kuma kowa da kyakkyawar niyya. Ni dai abin da aka miƙo in haɗiye. Ba wanda ya zauna ya ce, Hafsatu, me kike ji a ranki? Ko da an tambaya ma, ban san ko zan iya faɗa ba.

Zuwa na biyu cikin bazara ne, zafi ya yi zafi, rumbuna sun fara nuna gindi. Na tashi zan ɗebo ruwa a randa, jiri ya kwashe ni. Don a kai ni sai da Inna ta sayar da akuyarta, wadda take kiwo saboda kayan ɗakin ƙanwata.

Wannan karon wani likitan muka tarar. Ya ja fatar idona ya duba, ya danna cikina, ya ce gyambon ciki ne da ƙarancin jini. Sai ya juya ga Inna, yana rubutu bai ko ɗago ba.

"Ku riƙa ba ta abinci mana. Dubi yadda ta rame. Ƙwai, nama, madara."

Inna ta ce, "To, likita."

Na ga yadda ta sunkuyar da kai. A gidanmu a lokacin sau biyu ake ɗora tukunya, wata rana sau ɗaya. Na san bai yi nufin cin fuska ba, amma maganar ta shige ta. Tun daga ranar Inna ta fara tura mini rabonta, tana cewa ta ci a madafa. Na san ba ta ci ba. Sai ni kuma in faki idonta in tura wa ƙannena. Tuwo ɗaya ya yi ta yawo tsakaninmu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙarya.

Ana nan wata rana da yamma ina kwance a ɗaki, na ji Baba da Nasiru a bakin rumbu.

"Baba, wannan fa irin gyaɗa ne. Idan muka sayar, me za mu shuka?"

"Sauke shi. An ce a sayo maganin ƙarin jini. Gona tana jiran baɗi, mutum ba ya jira."

Na ji saukar buhun a ƙasa. A ranar na ga kaina a matsayin rami a tsakar gida, duk abin da iyayena suka tara sai ya gangaro cikina ya ɓace. Idan na ce ba ni da lafiya, za a sake sayar da wani abu. Idan na yi shiru, abin yana cina. Na zaɓi shiru.

Na koyi murmushi. Na koma ɗaukar allo ina motsa leɓe kamar mai karatu. Idan aka ce yaya jiki, sai in ce da sauƙi. Gida ya saki jiki. Gwaggo Tabawa ta ɗaure kayanta ta koma, tana cewa, "Ban gaya muku ba? Hayaƙin nan ba ya ƙarya."

Waɗannan makonni da kowa ke cewa na warke, su ne mafi muni a rayuwata. A cikin sujada nakan roƙi Allah Ya ɗauke ni, iyayena su huta. Ina sallamewa sai tsoro ya kama ni cewa roƙon nan kansa saɓo ne, sai in yi istigfari, sallar gaba kuma in sake roƙon. Ba ƙofa ta gaba, ba ta baya.

Ruwan shuka ya sauka, gari duka ya fita gona. Baba da Nasiru suna sara, ni da Inna muna bin su muna zuba gero muna binnewa da ƙafa. Ban san iya kwanakin da na yi babu wani abincin kirki a cikina ba. Na tuna ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na tuna ƙoƙon iri ya suɓuce daga hannuna. Sai farkawa na yi a gadon imajansi, da robar ruwa a hannu.

Likitar ranar mace ce, matashiya, da ɗan ƙaramin hijabi a kan farar riga. Ba na faɗin sunanta don ban nemi izininta ba, amma Allah Ya san ta. Ta tambayi Inna ko wannan ne zuwanmu na farko.

"Na uku ke nan, 'yata."

"Me aka ce a baya?"

Inna ta lissafa mata. Likitar ta ƙura mini ido, ni kuma ina kallon silin. Sai ta ce, "Inna, don Allah ki ɗan ba mu wuri, ina son in yi magana da ita." Ta ja labule, ta zauna a gefen gadon. A waje ana ta kiran ta, ta ɗaga murya ta ce tana zuwa.

"Hafsatu, yaushe rabon da ki ji daɗin wani abu? Ko mene ne. Abinci, hira, waƙa."

Na yi tunani da gaske. Na ce, "Tun kaka."

"Barci fa?"

Na girgiza kai.

Ta sassauta murya. "Zan tambaye ki wani abu, kuma ba zan yi miki faɗa ba kome kika ce. Kin taɓa jin gara a ce babu ke?"

Ban san akwai kuka a jikina ba, don na yi watanni ban yi ba. Ya ɓalle mini har gadon yana girgiza. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in ji tsoron Allah ba. Ta riƙe hannuna marar roba har na lafa.

"Abin da ke damun ki yana da suna, kuma yana da magani," in ji ta. "Amma ba zan iya ɓoye wa iyayenki ba. Kin yarda mu gaya musu tare?"

"Baba zai ce na yi saɓo."

"Bari mu ji daga bakinsa."

Baba ya shigo da taɓon gona a ƙafarsa. Likitar ta ce masa ciwon damuwa ne, kuma ya yi nisa.

"Damuwa?" in ji Baba. "Damuwar me? Yarinya ce. Ba ta ciyar da kowa, ba wanda ya mutu mata."

"Malam, ba sai da dalili yake kama mutum ba. Ciwo ne kamar sauran. Yakan ɗauke barci, ya ɗauke cin abinci, ya ɗauke riƙon karatu. Yara da yawa ana kawo mana su da ciwon ƙirji ko ciwon ciki, mu sa musu ruwa su tafi, alhali shi ne a ƙasa."

Baba ya tsaya a kan magana ɗaya. "Riƙon karatu? Har hadda?"

"Har hadda."

Ya juyo ya dube ni. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce, "Baba, ba Allah ne Ya yi fushi da ni ba?"

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ba kowa."

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan?"

"Tun ranar da aya ta ƙi zuwa."

Ya zauna a kan bencin da ke gefe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban mutane ba. Sannan ya ce, "Allah ba Ya fushi da marar lafiya, Hafsatu. Ni malaminki ne, da kin tambaye ni."

Likitar ta ce sai an kai ni asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, don a nan ba su da masu duba wannan ciwo. Ta kuma gargaɗi Inna kada a bar ni ni kaɗai.

Na ɗauka daga nan hanya ta buɗe. Ashe wani ɗaurin ne. Labari ya kai wa Gwaggo Tabawa, washegari sai ga ta.

"Asibitin mahaukata? 'Yar malam guda? Malam, ka yi tunani. Wa zai sake kawo ɗansa makarantarka? Wa zai zo neman aurenta, ko na ƙannenta? Yarinyar nan ba ta jifa, ba ta zagi, ba ta yaga tufafi. Ka rufa mata asiri."

Kawunmu ya goyi bayanta. Ga noman farko ya taso, ciyawa ba ta jira. Ga kuɗin mota babu. Muka yi kusan mako biyu a haka, ba a tafi ba, ba a fasa ba. Inna ta zama inuwata. Idan na shiga bayi tana tsaye a ƙofa, idan na kwanta tana gefena, ta bar gona ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Ni na gaji da ita, ita ta gaji da tsoro, ba mai iya gaya wa wani. Ina jin su Gwaggo a tsakar gida suna yanke abin da za a yi da ni kamar ba na nan.

Ranar da Baba ya yanke magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya Tabawa, shekarar da kika faɗi kika karye a hannu, na yi miki tofi. Amma mai ɗori na aika aka kira. Gobe zan kai ta."

Gwaggo ta ce, "Ka ji da mutane."

Ya ce, "Na ji da su."

Shi da kansa ya kai ni, a motar haya da aka cusa mu kamar buhuna. Mun tarar da layi tun daga bakin ƙofa. Na yi ta rarraba ido ina neman mahaukatan da Gwaggo ta faɗa, sai na ga yawanci mutane ne irinmu, wata mai goyo, wani dattijo da carbi, wani ɗan makaranta da littafinsa. Sai bayan azahar muka ga likita. Ya daɗe yana tambayata, ya ba da ƙwaya ƙarama, ya ce ba za a ga aikinta nan take ba, kada a daina, a kuma dawo duk wata.

Gaskiya ya faɗa. Makonnin farko bakina ya bushe, kaina ya yi nauyi, ba wani sauƙi. Gwaggo ta aiko a tambaya ko maganin birnin ya yi aiki, kuma mun san abin da take nufi. Akwai watan da ba mu koma ba saboda babu kuɗin mota, maganin ya yanke, na koma kusan inda na fito. Sai da Nasiru ya yi kwanaki yana ƙwadago a gonakin noman rani na madatsar ruwan Watari aka samu aka sake kai ni. Gonar gyaɗarmu kuwa a shekarar gero kawai aka watsa mata.

Ina da godiya, ina kuma da ƙorafi, ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Ina gode wa likitar da ta ja labule ta zauna, alhali ana kiran ta ta ko'ina. Ƙorafina shi ne sau biyu na shiga ɗakin nan na fita ba wanda ya yi mini tambayar da ba ta ɗauke ta minti biyar ba. Na san likita ɗaya ba ya isar ɗaki cike da jini da ihu, kuma mai shiru shi ake bari a baya. Amma akuyar Inna da irin gyaɗarmu sun tafi a kan cututtukan da ba su ne ke kashe ni ba. Iyaye, idan yaro ya daina abin da yake so, ya daina ci, ya daina barci, ana ta kai shi asibiti ana rasa abin kamawa, ku nemi a ba shi wuri shi kaɗai da likita. Kuma kada ku yarda da "da sauƙi" ɗin da ya zo da wuri.

Haddata wani sashe ya dawo da kansa, wani sai da na sake daga farko, har yanzu ban kai ƙarshe ba. Baba bai sake sa ni karatu don baƙi ba. A gari akwai masu ce mini "wadda aka kai Kano", wasu iyaye biyu kuma sun janye 'ya'yansu daga makarantar Baba. Gwaggo Tabawa har yau tana cewa hayaƙinta ne ya yi aiki a hankali. Na bar ta a haka.

Ban san ranar da sauƙi ya fara shigowa ba, don ba ya sallama. Amma na san ranar da gida ya gane. Bayan an yi girbin gero ne, muna zaune a tsakar gida kafin magariba, Inna ta zuba tuwo da miyar kuka. Na kai loma ɗaya, na ɓata fuska.

"Inna, gishirin nan ya yi yawa."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Me kika ce?"

"Gishiri. Kamar an juye kwano guda."

Nasiru ya ajiye lomarsa ya fashe da dariya. "Wallahi wata da watanni haka muke shan ta. Hankalinta ba ya kan tukunya, takan zuba ta manta ta sake zubawa. Ba wanda ya iya faɗa mata, har Baba."

Daga zaure Baba ya ce, "Ni ban ce kome ba."

Inna ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta ɗanɗana miyar da kanta, ta yamutsa fuska. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja gefen zanenta ta rufe ido, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Na jira har ta buɗe fuska, sannan na miƙa mata kwanona.

"Duk da haka ƙaro mini."